Yadda ake neman tsohon fim, da yadda ake zaman kallonsa

Wani daren Alhamis na dawo daga shago bayan isha, na tarar da Hajiya, mahaifiyata, a kan darduma tana jan carbi, 'yata ta biyu kuma tana gefe da waya a hannu. Ni ɗan fari ne, don haka Hajiya ba ta kama sunana. Ta ɗago ta ce, "Kai, wai fim ɗin nan na matar da ta saɓa garma a kafaɗa, 'ya'yanta na biye da ita cikin taɓo, yana nan a duniya kuwa?" Na ce, "Hajiya, mene ne sunansa?" Ta ce ina ta san suna, a talabijin ɗin maƙwabta ta gan shi a Fagge tun ina firamare, abin da ta riƙe shi ne ranar duk matan gidan sai da suka yi kuka. Yarinyar ta ce, "Hajiya Kaka, ba ni minti biyar." Hajiya ta ce, "To kishiya, mu ga iyawarki." Kafin shayi ya huce ta samo shi: Mother India, na 1957, wanda Mehboob Khan ya shirya, Nargis kuma ita ce matar mai garma.

Mun kalle shi a dare biyu, don ya kusa awa uku. Daga ranar daren Alhamis ya zama na tsohon fim a gidana. Ni tela ne, na haura shekara talatin a Jidda ina ɗinkin tobe da kaftani, ba makarantar fim na yi ba. Abin da zan faɗa a nan abin da zaman yau da gobe ya koya mini ne, kuma ina faɗarsa don na ga yaranmu da yawa suna buɗe tsohon fim, su yi minti uku, su ce babu kala, su rufe. Ba laifinsu ba ne. Babu wanda ya nuna musu ƙofar shiga.

Ƙofar tana cikin gida. Kada ka fara da jerin nan na intanet da ake cewa fina-finai ɗari mafiya kyau. Jerin yana da ranarsa, zan dawo kansa. Ka fara da tambayar tsohon da ke kusa da kai, uwa ko kawu ko dattijon da kuke sahu ɗaya a masallaci: wane fim ne har yau bai bar ransa ba? Da wuya ya tuna suna. Zai ba ka guntun labari, ko baitin waƙa, ko laƙabin da Kanawa suka sa wa jarumin. In ya ce Sarkin Ƙarfi, Dharmendra yake nufi. Wannan guntun ya isa. In na Indiya ne, rubuta kalmomin farko na waƙar yadda kunnenka ya ji su, injin bincike yakan gane ko da rubutun ya karkace. In na Masar ne, akwai shafin elCinema, wanda ya tara sunayen fina-finan Larabawa da shekarunsu da 'yan wasansu da tsawonsu. Sunan ɗan wasa ɗaya ka sa, duk aikinsa zai jeru a gabanka. Amfanin farawa ta nan shi ne fim ɗin farko ba za ka kalle shi kai kaɗai ba. Akwai wanda zai zauna kusa da kai yana cewa, "Tsaya, yanzu za ka ga abin da azzalumin nan zai yi." Lokacin da Sukhilala mai ba da bashi ya zo masussuka yana awon hatsi, yana kwashe kashi uku ya bar wa masu gona kashi ɗaya a kan bashin rupi 500 da aka ci don biki, Hajiya ta ajiye carbi ta ba mu labarin wani mai ba da bashin kaka a ƙauyen kakanninmu. Labarin da ban taɓa ji ba ke nan, ni da na haura hamsin.

In ka gama na farko, kada ka yi tsalle zuwa wani wuri. Ka kama zare ɗaya daga cikinsa ka bi. Mu Nargis muka bi, ta kai mu Awaara na 1951, inda ta fito da Raj Kapoor. A cikinsa alƙalin da ya kori matarsa, uban jarumin, mahaifinsa ne na gaskiya, Prithviraj Kapoor. Muryar dattijon ta kama mu, muka bi shi zuwa Mughal-e-Azam na 1960, inda ya fito a Sarki Akbar, Dilip Kumar ɗansa Salim, Madhubala kuma Anarkali. Muna cikin kallo Hajiya ta ce kiɗan nan ɗan'uwan na fim ɗin mai garma ne. Muka duba, ashe mutum ɗaya ne ya tsara kiɗan duka biyun, Naushad. Tsohuwar da ba ta jin Indiyanci ta gane hannun makaɗi da kunne kawai. Haka zare yake yi. Bayan wata uku za ka ga ka san fuskoki, ka san muryoyi, ka fara gane aikin wane ne tun kafin a rubuta suna.

Fina-finan Masar kuwa wani dattijo Bamisire mai gyara mana kekunan ɗinki ne ya buɗe mini su. Yana kwance kan keke na ce, "Ya ammu, in mutum zai fara kallon fina-finanku na da, daga ina?" Bai ɗago ba ya ce, "Ya usta, fara da Fatin Hamama." Na samo Du'a al-Karawan na 1959, wanda Henri Barakat ya shirya daga littafin Ɗaha Husaini. Labarin Amina ne, 'yar ƙauye da kawunta ya kashe yayarta Hanadi a gabanta da sunan wanke abin kunya, ita kuma ta shiga aikatau gidan injiniyan da ya yaudari yayar don ta rama. Bayan shi na ga Al-Zauja al-Saniya na Salah Abu Saif, 1967: dagacin ƙauye da matarsa ba ta haihu ba ya tilasta wa talaka ya saki matarsa, Su'ad Husni, don ya aure ta ya sami magaji, malamin garin kuma ya nemo masa hujja. Duk Bahaushen da ya kalli wannan zai rantse ya san garin. A nan ne jeri yake da amfani. A 1996, lokacin cikar sinima shekara ɗari a Masar, masana sun zaɓi fina-finansu ɗari. Al-Azima na 1939 ya zo na farko, sai Al-Ard, sai Al-Mumiya, sai Bab al-Hadid. In ka riga ka san mutum biyar ko shida a cikin 'yan wasan, jerin zai zame maka taswira. Kafin nan tarin sunaye ne kawai.

Yanzu maganar kofin da za ka kalla, kuma a nan mutane suka fi cutuwa. Fim ɗaya kana iya samunsa kashi goma a YouTube, tara daga ciki an lalata su. Akwai wanda aka yanke gefensa, akwai wanda aka ƙanƙanta hoton aka kewaye shi da furanni don a ɓoye wa masu haƙƙi, akwai wanda aka ƙara wa gudu har muryar namiji ta koma ta yaro, akwai wanda aka datse rabin awa ba a faɗa ba. Abu na farko, duba tsawon fim ɗin a elCinema ko IMDb, ka gwada da na kofin da ke gabanka. In an ce minti 170 ka ga 130, wuce. Na biyu, nemi tashar kamfanin da ya mallaki fim ɗin. Shemaroo tana da tsofaffin na Indiya da yawa, Rotana kuma ta mallaki babban kaso na tsofaffin na Masar, tashar Rotana Classic ma kusan aikinta ke nan dare da rana. Na uku, in kana bincike da Larabci ƙara kalmomin "nuskha murammama", wato gyararren kofi. Bambancin gyararre da wanda aka kwafo daga tsohon kaset kamar bambancin shadda sabuwa ne da wadda ta sha wanki ɗari: zanen yana nan, amma hasken ya tafi.

Waɗanda ake shafa wa kala da kwamfuta a yanzu kuwa, ni ba na kai su gidana. Wanda ya ɗauki fim baƙi da fari ya san abin da yake yi. Ya zaɓi yadin rigar da hasken fitila da inuwar bango don su fito a baƙi da fari. Mughal-e-Azam an yi masa kala a 2004, an kashe kuɗi an yi aiki mai tsabta, amma a na asalin fim ɗin yana tafiya ba kala, sai a rawar zauren madubai kala ta buɗe kamar an yaye labule. In duka fim ɗin kala ne, wannan buɗewar ta ɓace. Nemi na asalin tukuna.

Sai talabijin ɗinka. Minti biyar za ka ɓata a nan, sau ɗaya. Tsofaffin fina-finai hotonsu kusan murabba'i ne, faɗi huɗu tsawo uku. Faffaɗan hoto sai a 1953 ya shigo Amurka da CinemaScope, Masar da Indiya kuma sun daɗe bayan nan suna kan tsohon awo. Saboda haka in ka ga baƙi a dama da hagu na allo, daidai ke nan, kada ka ja hoton ya cika. In ka ja, fuskoki za su kumbura, dogo ya koma gajere. In ka matso da shi, ka yanke kawuna da ƙafafu. Shiga saitin hoto ka zaɓi 4:3 ko girman asali. Abu na biyu, sababbin talabijin suna ƙirƙiro hotuna na ƙarya su cusa tsakanin na gaskiya don motsi ya yi santsi. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa, haka aka yi shi, in aka cika shi sai ya koma kamar bidiyon biki. Samsung na kiran abin Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Kashe shi. In talabijin ɗin yana da Filmmaker Mode, kunna shi ka huta. Rage fitilar ɗaki, amma bar ƙarama a baya saboda idon tsofaffi. In mukayyif ɗinka, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai ƙara ne irin na taga, sanyaya ɗakin tun kafin a fara sannan ka rage shi, don sautin fina-finan da siriri ne, ƙara kaɗan take cinye shi.

Ka'idar gidana ɗaya ce: minti ashirin na farko babu waya, babu tashi. Wayoyi a faranti suke zama a kan firji. Bayan minti ashirin wanda bai ji daɗi ba yana iya tafiya, ba a yi masa gori. Dalili shi ne tsohon fim ba ya fara da ihu. Yana gabatar da mutane ne kamar yadda ake gabatar da baƙo a zaure, a gaisa, a tambayi gida, sannan a shiga magana. An yi shi don mutanen da suka sayi tikiti suka zauna cikin duhu ba inda za su. In ka ba shi wannan minti ashirin, yawanci shi zai riƙe ka. Dogayen na Indiya kuma suna da hutun rabin lokaci a tsakiya, a daidai inda labari ya ɗaure. Nan za ka tsaya in za ka raba shi dare biyu, ba inda barci ya kama ka ba. Waƙoƙin kada ka tsallake su a kallon farko. A fina-finan wancan zamani abin da kunya ta hana jarumi faɗa da baki, a waƙa yake faɗarsa.

In yara ƙanana ne a gidan, fara musu da Charlie Chaplin. Ba ya buƙatar fassara, kuma ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda daga sunansa muka samo kalmar cali. The Kid na 1921 bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Ƙaramin ɗana yana shekara bakwai ya kalle shi, ya yi dariya har ya kwanta, da aka zo raba yaron da mutumin da ya raine shi kuma ya tashi ya koma jikin kakarsa. Bayan shi The Gold Rush na 1925, inda yunwa ta sa aka dafa takalmi aka ci, sai City Lights na 1931, wanda ƙarshensa ba zan taɓa ba ka labarinsa ba, sai ka gani da idonka.

Me ake kallo a tsohon fim, bayan labari? Kowa da idonsa. Ni idona na tela ne, wuyan riga nake fara gani. A Bab al-Hadid na 1958, wanda Yusuf Shahin ya shirya kuma ya fito a ciki a matsayin Ƙinawi, gurgun mai tallar jarida a tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira, tufafi kaɗai sun isa su gaya maka matsayin kowa: 'yan dako da yagaggun riguna, fasinjoji da kwat, matan ƙauye da baƙin mayafi, samari masu kiɗan Turawa da matsattsun wanduna. Duk Masar ta 1958 tana wucewa ta bayan 'yan wasan. Don haka ka riƙa barin fuskar jarumi kana duba bayansa: motoci, allunan shaguna, kuɗin da ake miƙawa, yadda ake zuba shayi. A fim ɗin Italiya na 1948, Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, na Vittorio De Sica, matar wani talaka ta cire zannuwan gadonsu ta kai jingina don a karɓo keken mijin, domin sai da keke za a ba shi aikin liƙa takardun talla. Kyamara ta bi ma'aikacin wurin yana hawa kanta bayan kanta, duk ƙunshin zannuwan mutane ne har rufi. Ba a ce komai ba, amma ka san halin da garin Rum yake ciki bayan yaƙi. Mutumin da ya fito a uban ma ba ɗan wasa ba ne, ma'aikacin masana'anta ne. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar mutane abincinsa na rataye da abu ɗaya, mota ko keken ɗinki ko takarda, zai ji wannan fim a ƙashinsa.

Game da harshe, mu mazauna nan muna da sa'a. Wanda ya iya Larabcin Hijaz, fim uku ko huɗu ya isa kunnensa ya saba da na Masar, inda jimun ke komawa "g", ƙaf kuma ta faɗi gaba ɗaya, "ƙalbi" ya zama "albi". Wanda Larabcinsa na makaranta ne, ya fara da Al-Mumiya na Shadi Abdussalam, 1969, don da fusha, wato Larabcin littafi, aka yi shi tsantsa, a hankali, kamar ana karatu. Labarin wata ƙabila ce a kudancin Masar a 1881 da ke rayuwa da sayar da kayan kaburburan Fir'aunoni a ɓoye, da saurayin da ya gano daga inda abincin gidansu ke fitowa. An gyara shi a 2009 da taimakon gidauniyar Martin Scorsese. Na Indiya kuwa, na san fassarar Hausa ta shiga ran mutanenmu, ni ma ina kallo. Amma tsofaffin nan ina roƙonka ka ji su da muryar masu su, rubutun fassara na Larabci ko Turanci na gudu a ƙasa. Rabin wasan Dilip Kumar a muryarsa yake, yadda yake sassauta ta har sai ka matso. In an ɗora wata murya a kai, an cire rabin mutumin. Wanda bai iya karatu ba, wani ya zauna kusa da shi yana faɗa masa a taƙaice. Aikin 'yata ke nan ga kakarta, kuma Hausarta ta ƙaru sosai ta wannan hanya, don dole ta nemo kalmar da tsohuwa za ta gane.

Akwai abu biyu da zan ja kunne a kai. Tsufan fim ba ya nufin tsabtarsa. A na Masar da yawa akwai rawar gidan giya da shigar da ba za ka so ka gani tare da mahaifiyarka ko 'ya'yanka ba, Bab al-Hadid kansa ba na yara ba ne. Ni nakan bi fim da sauri ni kaɗai a shago kafin Alhamis, in san inda zan tsallake ko in ajiye shi don manya. Na biyun ya fi ci mini rai. A yawancin tsofaffin fina-finan Masar, baƙin mutum mai gadin ƙofa ne ko mai kawo gahawa, ana kwaikwayon maganarsa don a yi dariya. A na Amurka na wancan zamani ma haka ne, ko fiye. Yaranmu da aka haifa a nan sun san wannan dariyar, sun ji ta a makaranta da kan titi. Ranar da irin wannan ya fito, ɗana babba ya yi shiru, fuskarsa ta canza. Na tsayar da fim ɗin muka yi magana kusan rabin awa, a kan Nubawa, baƙaƙen mutanen kudancin Masar, da daɗewar masarautunsu a bakin Nilu, da kuma dalilin da ya sa mai kyamara ya ga mai gadi kawai. Kada ka yi kamar ba ka gani ba. Tsaya ka yi magana, sannan mako mai zuwa ka kawo fim ɗin da baƙin mutum ya riƙe kyamara da kansa.

Ga su nan kuwa. Usman Sembene na Senegal ya yi La Noire de... a 1966, kimanin awa ɗaya. Diouana yarinya ce daga Dakar da wasu Faransawa suka ɗauka rainon yara, suka tafi da ita garin Antibes a Faransa. Ta tafi da murna da dogayen takalma, tana zaton za ta ga gari, sai ta tarar duniyarta ta tsaya tsakanin kicin da banɗaki da falo. Da ƙyar take magana a gidan, mu kaɗai muke jin abin da ke ranta. Wadda ta fito a Diouana, Mbissine Thérèse Diop, mai ɗinki ce, wannan ma ya ƙara mini ƙaunar fim ɗin. Mun kalle shi tare da wata 'yar'uwar matata da ta yi shekaru tana aikatau a gidajen mutane. Har aka gama ba ta ce uffan ba. Da aka kunna fitila ta ce wa matata, "Yaya, wa ya ba mutumin nan labarina?" Ƙarshensa mai nauyi ne, ba na yara ba ne, kuma in akwai wadda ke cikin irin wannan hali a ɗakin, ka zauna da ita bayan an gama, kada kowa ya watse.

Sai Mandabi na 1968, shi ma na Sembene, da harshen Wolof. Ibrahima Dieng, magidanci mai mata biyu ba aiki, ɗan 'yar'uwarsa da ke shara a Paris ya aiko masa da takardar kuɗi ta sefa 25,000. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa sai ya san ranar da aka haife shi. Kafin ya taɓa ko sisi, unguwa ta ji labari, masu bashi da masu roƙo sun cika ƙofar gida. Ba sai na yi wa mazaunin Jidda ko Makka bayanin wannan ba. Mun san zaman jiran takarda, mun kuma san abin da 'yan gida ke zato game da aljihun wanda ke waje. Daga Nijar akwai Oumarou Ganda da Le Wazzou polygame, labarin Alhajin da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka yi wa miji ya sa ta ta uku. Shi ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Akwai Sarraounia na Med Hondo, 1986, a kan sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Faransa a 1899. Waɗannan sun fi wuyar samu fiye da na Masar da Indiya, kuma fassararsu yawanci Faransanci ce ko Turanci, amma na Sembene biyun an gyara su, kofi mai kyau yana nan.

In dama ta samu, ka ga tsohon fim a babban allo ko sau ɗaya. Dattawan Jidda suna ba da labarin sinimar ahwash, wato farfajiyar gida da ake kafa majigi a jera kujeru, irin ta Jamjum a Bagadadiyya da ta Abu Safiyya a Hindawiyya, kafin a rufe su gaba ɗaya. Ni da na zo babu ko ɗaya, sai shagunan hayar kaset. An sake buɗe sinima a Riyad ranar 18 ga Afrilu 2018, kuma a ƙaramar Sallar shekarar aka nuna gyararren Al-Risala na Mustafa Akkad, shekara 42 bayan fitowarsa a 1976. Wannan fim kashi biyu aka ɗauke shi a wuri ɗaya, na Turanci da Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza, na Larabci da Abdullahi Gais. Ni na Larabcin nake so, kuma shi nake ba kowa shawara. Bikin fina-finai na Bahar Maliya da aka fara a Balad, tsohon garin Jidda, a Disambar 2021 yana da sashe na tsofaffin da aka gyara, sinimar Hayy da ke Hayy Jameel a arewacin gari kuma da fina-finan Yusuf Shahin ta buɗe a Disambar 2022. Duba jadawalinsu lokaci lokaci, sayi tikiti da wuri, ka ɗauki tsoho ɗaya da yaro ɗaya.

Ka sami ɗan littafi kana rubuta suna da shekara da wanda kuka kalla tare, da magana ɗaya da wani ya faɗa. Nawa littafin awo ne na shago da ya cika rabi, na juya shi ta baya.

Saura kaset. Fim abu ne mai mutuwa. Kafin wajen 1950 da sinadarin naitiret ake yin faifansa, mai kamawa da wuta da kansa in ya tsufa. Binciken da ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finansu marasa magana sun ɓace ɗungurungum. In haka ta sami masu kuɗi da ma'ajiya, ina ga namu? Fim ɗin bidiyo na Hausa da Turmin Danya ya fara a Kano a 1990, kuma na shekaru goman farko a kaset suke. Alhazai da 'yan Kano-Jidda sun shigo da su ƙasar nan jaka jaka, na tabbata har yau akwai su a saman kabad a gidajen Sabil da Karantina da Shari' Mansur a Makka. Damshin Jidda yana sa musu fumfuna fari a jikin zaren. In kana da su, fito da su daga kwali, tsayar da su a tsaye a ɗaki mai sanyi da bushewa, wanda ya yi fumfuna kada ka sa shi a na'ura don zai ɓata kanta ya shafa wa sauran. Masu ɗaukar bidiyon biki da yawa suna iya juye kaset zuwa kwamfuta da kuɗi kaɗan. Juye, ka ajiye kofi biyu a wuri biyu, ka rubuta suna da shekara a kan kowanne.

Shehu Umar ma da ƙyar ya tsira. Adamu Halilu ya shirya shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron Kagara da aka sace, Balarabe ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. Shekaru da yawa ana zaton ya ɓace, sai a 2016 Didi Cheeka ya gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Balin a 2018. Hajiya ta ji wannan labari daga bakina, tun daga ranar kuma duk Alhamis in ana shimfiɗa tabarma sai ta tambaya. Makon jiya ma ta ce wa 'yata, "Kishiya, kin samo mini mai garma a minti biyar, na Hausa ne zai gagare ki?" Yarinyar ta rubuta wa masu tsara jadawalin sinimar Hayy wasiƙa da Larabci tana roƙon su kawo shi, ta bi gidajen unguwa da shagunan layinmu tana karɓar sa hannu. Ni ne na uku a takardar, bayan ita da kakarta, wadda ta dangwala yatsa.